Robar hanci: har yaushe za mu ci gaba da dogara da kunne?

Sista Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya wani abu ke cin raina, na ce bari in kawo shi nan. Ina dutin dare aka kawo mana wani dattijo, zai haura shekara 70, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, haɗiya ta gagara. Ko ruwa aka ɗiga masa sai ya ƙware. Likita ya rubuta a sa masa robar hanci, wadda ake zurawa ta hanci har tumbi don ba da abinci. Na auna, na shafa mata mai, na zura, ta wuce sumul, ko tari bai yi ba. Na ɗura iska da sirinji, na ɗora abin sauraro a ƙahon zuciyarsa, na ji ƙugin nan da aka koya mana cewa shi ne alamar roba ta isa tumbi, sarai. 'Yarsa tana tsaye a gefen gado da kofin kunu, tana cewa, "Sista, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba." Saura ƙiris in karɓa. Abin da ya tsayar da ni shi ne da na ja sirinji, ba ruwan ciki, sai iska, kuma ina ja tana zuwa. Na ce a dakata sai gari ya waye. Da safe aka yi hoton ƙirji, sai ga robar kwance cikin huhun dama, ta gangara har ƙasa.

Wallahi duk sa'ad da na tuna kofin kunun nan sai jikina ya yi sanyi. Shekara 9 ina aikin nan da kunne. Don Allah masu karatu a cikinmu, me bincike ya ce? Kuma mu da ba mu da hoto da dare, me za mu yi?

Maman Khalifa:
Innalillahi. Allah ne ya tsare, Sista. Sannu.

Hajiya Metiron:
Wa alaikumus salam. Rabi 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya. Amma zan yi miki gyara guda: tun da kika ji iska na zuwa ba ƙarewa, kamata ya yi ki zare robar nan take, ba ki bar ta ta kwana a jikinsa ba. Wani zai iya zuwa bayanki ya ga roba a hanci ya ɗura.

Game da kunne kuwa, ni na yi shekara 35 ina aiki kafin in yi ritaya, kuma da shi aka koya mana, da shi muka koyar. Ba kunne kaɗai ba ne. Kina kallon majinyaci: ya yi tari? Leɓensa ya canza launi? Muryarsa ta shaƙe? Sai ki tsoma bakin robar a kofin ruwa ki ga ko za ta yi kumfa. Na sa wa ɗaruruwan mutane, ban tuna ranar da ya yaudare ni ba. Kada saboda kuskure ɗaya a zubar da abin da ya yi wa asibitocinmu aiki shekara da shekaru.

Malam Sani, mai koyarwa:
Ranki ya daɗe Hajiya, gyaranki na farko gaskiya ne, kuma na ji daɗi da kika fara da shi. Amma kan maganar kunne ki yi mini afuwa, zan saɓa miki, duk da cewa irin hannunku ne ya raine mu.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Jami'ar Saint Louis ta Amurka, Norma Metheny, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana bincike kan wannan roba. Tun 1990 ta wallafa gwajin da ta yi kan sauraron iska, ta nuna cewa ƙwararrun ma'aikata ba sa iya bambance inda bakin robar yake ta hanyar sauti. Dalilin a fili yake. Ƙirji da ciki maƙwabta ne, wata 'yar tsoka ce kawai ta raba su. In ka hura iska a ƙasan huhu, ko a hanyar abinci kafin ta kai tumbi, sautin yana ratsawa ya iso inda ka ɗora abin sauraro. Kunnen Rabi bai yi mata ƙarya ba, ta ji ƙugi da gaske. Ƙugin ne ba ya faɗin daga ina ya fito.

Tari kuma, mai lafiyar maƙogwaro ne ke yin sa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya suma, ko aka ba shi maganin barci, roba za ta shiga huhunsa bai motsa ba. To ai su ne akasarin waɗanda muke sa wa. Kumfa a kofi ma haka: tumbi yana da iska, zai iya yin kumfa, huhu kuma in bakin robar ya maƙale a wata 'yar hanya ba zai yi ba. Ga haɗarin majinyaci ya ja numfashi ya zuƙe ruwan kofin.

A watan Fabrairu 2005 hukumar kare lafiyar majinyata ta Ingila, NPSA, ta fitar da gargaɗi bayan mutum 11 sun mutu cikin shekara biyu saboda an ɗura musu abinci a huhu. A nan ta haramta sauraron iska, da gwajin kumfa, da takardar litmos mai canza launi in ta taɓa tsami, da ɗaukar rashin tari a matsayin shaida. Daga 2009 suka sa wannan kuskure a jerin abubuwan da bai kamata su taɓa faruwa a asibiti ba.

Hajiya Metiron:
To Malam, in haka ne, me ya sa ban ga gawarwakin ba?

Malam Sani:
Saboda biyu, ranki ya daɗe. Na farko, roba takan tafi daidai mafi yawan lokaci. Binciken da aka yi kan masu sa ta da hannu ba tare da na'ura ba ya nuna kamar 1 zuwa 3 cikin 100 ne ke kaucewa zuwa hanyar numfashi. Kenan ko ba ki saurari komai ba, sau 97 cikin 100 za ki dace. Kunne yana cin yabon da ba nasa ba ne. Na biyu, kuma shi ya fi damuna: tsohon da aka ɗura wa kunu a huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu zai yi zazzaɓi, numfashi ya yi sama, a rubuta limoniya a folda, ya rasu, a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ba ma buɗe gawa a bincika, iyali ma ba za su yarda ba. Da Rabi ta karɓi kofin nan, da yau ba wanda ya san abin da ya faru, har ita kanta.

Hajiya Metiron:
Wannan magana ta biyu ta zauna mini a rai. Bari in yi shiru in saurara tukuna.

Zainab, ɗaliba 'yar aji uku:
Malam, wallahi a wod har yanzu iska ake nuna mana. A aji an ce pH, wato awon tsami, amma ban taɓa ganin takardar da idona ba.

Malam Sani:
Na sani, Zainab, kuma laifin yana wuyanmu masu koyarwa da masu sayo kaya. Ga yadda abin yake. Ruwan tumbi yana da tsami ƙwarai. Ruwan huhu ba shi da tsami, pH ɗinsa yakan kama daga 6 zuwa sama, galibi wajen 7. Sai ki zuƙo ɗan ruwa ta robar, ko rabin mil ya isa, ki ɗiga a takardar awon tsami, ki jira daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalin, ki gwada launin da jadawalin a wuri mai haske. A ƙa'idar Ingila, daga 1 zuwa 5.5 a ba da abinci. In ya wuce haka, ko ba a samu ruwan ba, ba a ɗura komai. Ko ruwan wanke roba ba a sawa kafin a tabbatar, domin a 2012 sai da suka sake fitar da gargaɗi kan wannan kaɗai. Amurkawa sun fi tsanani: ga babba, ƙungiyar ma'aikatan jinya masu kula da masu tsananin ciwo ta ce a yi hoto kafin a fara amfani da robar da aka sa da hannu. Gani ya kori ji.

Abubakar, nas a asibitin ƙauye:
Malam mu fa a nan hoto sai an yi tafiyar awa guda a mota. Takardar pH kuwa babu. Amma muna da tsinken gwajin fitsari, kuma akwai pH a jikinsa. Ba zai yi ba? Litmos ma ana samu a ɗakin gwaji.

Famasis Nura:
Abubakar, kada ka yi. Tsinken fitsari daga 5 yake farawa ya hau, ba ya karanta abin da ke ƙasa da haka, alhali nan ne inda kake buƙatar gani. Ba don ruwan ciki aka yi shi ba. Litmos kuma abu biyu kawai ta sani, tsami ko ba tsami, ruwa mai pH 6 ma zai iya juya ta ja, ga shi ruwan huhu yana iya kaiwa nan. Abin da ake nema shi ne takardar da ke karanta daga 0 ko 1 zuwa sama, tana hawa rabi-rabi, don ka raba 5.5 da 6. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da ita ko za su iya sayowa, kwali ɗaya yakan ɗauki tsinke 100. A ajiye ta a rufe, kada damshin damina ya shige ta, a riƙa duba ranar lalacewa. In aka kwatanta da kuɗin hoto ɗaya da na mota, ba komai ba ne. Matsalar dai ba a sa ta a jerin kayan da ake nema daga sito, shi ya sa ba ta zuwa.

Sista Rabi:
To ga inda nake maƙalewa. Kusan duk mai shanyewar ɓarin jiki a wod ɗinmu yana kan omeprazole. Ai shi yana kashe tsamin ciki. Sannan sau nawa ka ja ka ja, ko ɗigo babu?

Malam Sani:
Duka biyun gaskiya ne, kuma nan ne raunin pH, bai kamata a ɓoye ba. Mai shan omeprazole, ko wanda aka ba abinci yanzu-yanzu, ruwan cikinsa zai iya nuna 6 alhali roba tana inda ya dace. Amma ki lura da wane ɓangare kuskuren ya karkata: zai sa ki jinkirta abinci ga wanda robarsa ke daidai, ba zai sa ki ɗura wa huhu ba. Kunne kuwa kuskurensa yana kai wa kabari. Kuma da yawa cikin masu shan maganin za ki samu 5.5 ko ƙasa duk da haka, don haka a gwada tukuna, kada a yanke ƙauna tun kafin a fara.

In ruwa ya ƙi zuwa, a juya majinyaci kan ɓarin hagu. A hura iska mil 10 zuwa 20 ga babba, ba don a saurara ba, sai don ta ture bakin robar daga bangon tumbi. A goge masa baki, yana motsa ciki ya fitar da ruwa. A jira minti 15 zuwa 30 a sake. A yi amfani da babban sirinji mai mil 50, a ja a hankali, ƙaramin sirinji yana tsotsa da ƙarfi har robar ta lanƙwashe. In duk ya gagara, a ƙara tura robar kaɗan, wataƙila ba ta kai ba. In har yanzu babu, to hoto, ko a zare a sake sawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ruwan drip zai riƙe shi zuwa safe.

Dakta Umar:
Ina biye da ku. Bari in sa baki kan hoto, domin kada a ɗauka da an yi shi magana ta ƙare. A gargaɗin NPSA na Maris 2011, sun ce daga Satumba 2005 an sake samun mutum 21 da suka mutu, wasu 79 suka cutu. Babban sanadi shi ne kuskuren karanta hoto, sau 45, kuma 12 daga ciki sun rasu. Wato mu likitoci ne. A 2016 aka sake ƙirgawa, an samu kuskuren ɗura wa huhu sau 95 cikin ƙasa da shekara biyar. Wannan a ƙasar da ke da kayan aiki kenan.

Abu huɗu ake dubawa. Robar ta bi tsakiya, hanyar abinci? Ta ratsa daidai inda maƙogwaro ya rabu biyu, ba ta bi reshe ɗaya ba? Ta tsallake tsokar da ta raba ƙirji da ciki a tsakiya? Ana ganin bakinta ƙarara a ƙasan tsokar ta hagu? In ɗaya ya faɗi, ba a ba da abinci. Ƙasan huhu yana sauka fiye da yadda ake zato, roba za ta iya zama can ta bayan, a hoto ka ga kamar tana cikin ciki. Kuma a duba suna da lokaci a jikin hoton, an sha karanta na jiya a ce na yau ne. Ina roƙon 'yan uwa nas-nas, in ƙaramin likita ya ɗaga hoto ya kalla daƙiƙa biyu ya ce "ya yi", ku ce ya rubuta abu huɗun nan a folda ya sa hannu. Ba raini ba ne.

Wani abu kuma: mai hatsarin babur da ake zargin ƙasan ƙoƙon kansa ya tsage, jini ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ba a bi ta hanci sam. Ta baki ake bi.

Maman Khalifa:
Ni a ɗakin jarirai nake, kuma a wajenmu matsalar ta fara tun daga awo. An koya mana hanci zuwa kunne zuwa ƙahon zuciya. Binciken Marsha Ellett da abokan aikinta a Indiyana, wajen 2011 da 2012, ya nuna wannan awon yana gajarta a jarirai da yara, sai bakin robar ya tsaya a hanyar abinci. Abin da suka samu ya fi shi ne hanci, kunne, sannan tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙahon zuciya da cibiya. Tun da na koma shi nake samun ruwan ciki cikin sauƙi. A bakwaini mai kilo ɗaya da rabi, santimita biyu ba wasa ba ce. A manya ma an gano tsohon awon yakan gaza, shi ya sa wasu masu bincike ke cewa a ƙara santimita 10.

Sai alama. Da na tabbatar, ina sa alama a robar daidai ƙofar hanci, in rubuta lambar a kati. Kafin kowane ciyarwa ina dubawa. Jariri zai sa ɗan yatsansa ya ja, filasta ta jiƙe da gumi ta saki, roba ta fito rabi, a ido kamar ba abin da ya canza. Bayan amai ko tari mai ƙarfi ma sai an sake gwadawa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwana na Najeriya. Ni ina aiki a CRENI, wurin da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Mu nan da Faransanci muke kiranta, sonde. Lokacin damina, in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar hatsi a rumbu, a dare ɗaya sai ka sa wa yara da yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in yaro bai sha kashi 80 cikin 100 na madarar F-75 da aka ba shi ba, sau biyu a jere, a sa masa. Ana ba shi kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku, har cikin dare, domin sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri. Kuma ba a danna sirinji, ana cire abin dannawar a ɗaga shi sama, madara ta sauka da kanta.

Abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne uwa. A wajen mata da yawa, da an sa wa yaro roba a hanci, to an gama, mutuwa ce ta zo. Ba su da laifi, domin sun ga yaran da aka sa wa sun rasu, ba su san cewa tun farko su ne suka fi jin jiki ba. Na ga uwa ta jira kowa ya yi barci ta zare, ta ɓoye ƙarƙashin tabarma. Na ga wadda ta goya ɗanta ta gudu da asuba. Yanzu kafin in taɓa yaro nakan zauna a ƙasa kusa da ita, in ba ta robar ta riƙe ta ji laushinta, in kira wata uwa wadda aka cire wa ɗanta ya koma sha da kofi, su yi magana su biyu. Minti goma ne, amma ya fi duk wani ɗaure hannun yaro. Kuma kullum ana fara gwada masa da baki, abin da ya rage ne ake bi ta roba.

Sista Rabi:
Malam na Maraɗi, wannan haka yake har a manya. 'Yar dattijon nan da ta ji an ce roba ta shiga huhu, cewa ta yi ba za a sake sawa ba.

Zainab:
Tambaya kuma. Ana sa mu zuƙo abin da ya rage a ciki kafin kowane ciyarwa, in ya yi yawa a tsallake. Na ji an ce yanzu an daina?

Dakta Umar:
An sassauta, ba a ko'ina ba. A 2013 Jean Reignier da abokansa a Faransa suka gwada majinyata 449 da ke kan na'urar numfashi. Rabinsu ana auna musu ragowar, rabinsu ba a aunawa, sai in sun yi amai. Limoniya ta kama kusan daidai, wajen 16 zuwa 17 cikin 100 a kowane ɓangare, kuma waɗanda ba a auna wa ba sun fi samun abincin da suke buƙata. A 2016 ƙa'idar Amurka ta ce ba sai an riƙa aunawa kullum ba a ɗakin masu tsananin ciwo, in kuma ana yi, kada a tsayar da abinci kan abin da bai kai mil 500 ba muddin babu wata alama.

Amma Zainab ki kula. Waɗancan suna da nas a kansu dare da rana, da famfo mai ɗiga abinci a hankali. Mu kuwa mai jinya ce ke ɗura kunu kofi guda a lokaci ɗaya. Ni ba zan ce a ɗauko sakamakon nan a dasa a wod ɗinmu kai tsaye ba. A duba ciki ko ya kumbura, a tambayi amai da bayan gida. Kuma kada a haɗa abu biyu: zuƙo ɗigo don gwada pH daban, auna ragowar abinci daban. Na farkon ba a daina shi ba.

Abin da ba ya cin ko kwabo kuma muke sakaci da shi: a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 lokacin ciyarwa, a bar shi haka aƙalla rabin awa zuwa awa guda bayan an gama. In gadon ba ya ɗagawa, filo uku. Da wanke baki, domin ƙwayoyin cutar da ke sauka huhu daga bakin suke tasowa.

Abubakar:
Dakta, mai shanyewar ɓarin jiki fa, yaushe ya kamata a sa? Iyali sukan ce a jira ko zai fara haɗiya.

Dakta Umar:
Akwai babban gwajin da Martin Dennis na Edinbura ya jagoranta, aka wallafa a 2005. A majinyata 859, sa roba da wuri ya rage mutuwa da kusan kashi 6 cikin 100, ko da yake bambancin bai kai yadda za a rantse a kansa ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun rayu da naƙasa mai nauyi. A wasu 321 aka gwada robar hanci da wadda ake huda ciki a sa, wato PEG, sai aka ga a makonnin farko ta hanci ta fi. Don haka kada a bar mutum kwanaki ba abinci, kuma kada iyali su ji cewa don ba su da kuɗin huda ciki an cuce su. PEG sai in haɗiya ta ƙi dawowa bayan makonni.

Tsohon da rikicin tsufa ya kai ƙarshe, shi kuma daban ne. Tun nazarin Finucane na 1999 ba a ga shaidar cewa roba tana tsawaita masa rai ko tana hana limoniya ba, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ma ta ce a ba shi da cokali a hankali ya fi. Maganar tana da nauyi a wajenmu, ba ɗan da zai so a ce ya bar mahaifinsa da yunwa. Sai an zauna da iyali da natsuwa.

Famasis Nura:
Kafin a tashi, roƙo uku daga ɓangarenmu. Ƙwayar da aka yi ta don ta narke a hankali, irin nifedipine mai dogon aiki, ba a daka ta. In aka daka, maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas. A tambaye mu, akwai madadi. Kowane magani a ba shi shi kaɗai, ruwa kafin, ruwa bayan, kada a kwaɓa shi cikin kunu. Kunun ma a tace shi da rariya mai laushi, ko an sa ƙwai da madara da waken suya, kuma kada ya wuni a fulas ana ɗiba. In roba ta toshe, ruwan ɗumi, a ja a tura a hankali. Lemon kwalba da ake sawa tsaminsa yana daskarar da madara, ya ƙara toshewa.

Na uku shi ne sirinji. A ƙasashen waje sun fito da mahaɗi na musamman, ENFit, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2016, an ƙera shi yadda sirinjin abinci ba zai shiga hanyar jijiya ba, saboda an yi asarar rayuka ta haka. Mu sirinji iri ɗaya muke amfani da shi. Jariri ga kanula ta jijiya a hannu, ga roba a hanci, ga madara fara a sirinji, ƙarfe uku na dare, nas ɗaya. A naɗa wa na abinci filasta a rubuta, a ajiye shi a tire daban.

Zainab:
Na ga bidiyon wata na'ura mai nuna hanyar roba a allo. Ita ba za ta raba gardama ba?

Malam Sani:
Akwai su. Cortrak tana bin roba da maganaɗisu, akwai mai 'yar kyamara a baki, akwai mai gano iskar da huhu ke fitarwa. Suna taimakawa, amma a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa an samu hujewar huhu har da mutuwa a hannun masu amfani da irin ta maganaɗisun, don sai wanda ya ƙware. Wadda nake sa wa ido saboda mu ita ce sikanin, tun da asibitoci da yawa suna da ita don masu ciki. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masu tattara bincike su tace, na 2017 ya ce ita kaɗai ba ta isa shaida ba, amma za ta iya amfani inda hoto ke wuya. Ga wurin da ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundin digiri za su shiga, maimakon maimaita tambayoyin "sani da ɗabi'a" kowace shekara.

Hajiya Metiron:
Na karanta duka, sau biyu. Jiya ban yi barci sosai ba, ina ta tuno wasu fuskoki, musamman wata tsohuwa da na sa wa da hannuna ranar Alhamis, Asabar ta rasu da zazzaɓi. Allah ne masani, Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Abu ɗaya dai ba zan janye ba: kallon majinyaci. Kada yaran yanzu su manne ido a takarda su manta da fuskar mutum. Rabi ma ai hannunta ne ya fara gaya mata, kafin hoto.

Rabi, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinku ƙanwata ce a aiki. Ki rubuta abin da ya faru, ba sunan majinyaci, Nura ya rubuto mana irin takardar da za a saya. Ni zan kai mata da kaina ranar Litinin.

Sista Rabi:
Na gode, Mama. Zan rubuta yau in na tashi aiki. Game da dattijon: na zauna da 'yarsa kamar yadda Malam na Maraɗi ya ce, na nuna mata hoton, na gaya mata gaskiya cewa da na karɓi kofin nan da ni na cuce shi. Ta yi kuka, daga baya ta amince. Wani abokin aiki a ɗakin gwaji ya samo mini tsinke biyar na takardar. Na sake sa robar, na ƙara tsawon awo, da farko ba ruwa, muka juya shi hagu muka jira minti 20, sai ga ɗan ruwa kore-kore. Na ɗiga a gabanta, ita ta riƙe kwalin muka gwada launi tare. Ya nuna 4. Mun ɗaga shi da filo uku, ita da kanta ta riƙe sirinjin kunun yana sauka. Saura tsinke huɗu.

Ɗan Maraɗi:
Alhamdulillahi, Allah ya ƙara masa sauƙi. Sista, don Allah ki ɗauko hoton kwalin gaba da baya ki turo nan, in nuna wa majo ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan jinya, gobe da safe.

Abubakar:
Ni ma ina so. Famasis, in ka samu mai sayarwa a Kano ka yi mini magana, direbanmu zai shiga ranar Laraba.